Mene ne aikin mai koyar da lafazi a fim kan Afghanistan?

Malam, ka tambaya ko wannan aiki fassara ne kawai. A'a, ya wuce nan.

Afghanistan na da manyan harsuna biyu, Dari da Pashto. Dari ɗan'uwan Farisancin Iran ne, amma mutumin Kabul na jin bakin mutumin Tehran zai gane baƙo ne. Don haka mai koyarwar yake zama da ɗan wasa, kalma bayan kalma, har harshensa ya faɗa.

Dubi fim ɗin The Kite Runner na 2007. Yawancin maganar da Dari aka yi, amma a Kashgar ta ƙasar Sin aka ɗauki wuraren da aka nuna a matsayin Kabul. Jarumin, Khalid Abdalla, ɗan asalin Masar ne da ya tashi a Birtaniya, sai da ya koyi Dari. A irin wannan aiki, ɗan ƙasar Afghanistan ne zai duba naɗin rawani, gaisuwa da hannu a ƙirji, da yadda ake zama cin abinci a ƙasa.

Abin da ke damuna shi ne sau da yawa shawara kawai yake bayarwa, darakta na iya ƙin ɗauka.