Ayari a Ƙasar Ƙanƙara: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin wannan mako sun taru a kan tafiyar da wasu ke yi cikin tsananin sanyi a ƙuryar arewacin duniya, yankin da ake kira Aktik. Galibi sun shafi tsibiran Svalbard na ƙasar Nowe, inda mutum shida ko takwas kan bar garin Longyearbyen suna jan kayansu a kan ƙanƙara, su yi mako guda ko biyu suna kwana a tanti, ba gari ba ƙauye.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, na ji an ce wasu sun yi "tafiyar hunturu" a Aktik. Daidai ne? (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Ba daidai ba ne, ɗana, ko da yake kunne ya fara sabawa da shi don yawan maimaitawa. Hunturu iska ce busasshiya mai tasowa daga Sahara, tana ɗauke da hazo, tana fasa leɓe da dunduniya. Ina Sahara a Svalbard? Masu fassara labarai ne suka ga lokacin sanyin Turai ya zo daidai da namu, suka ɗora masa sunan ba tare da sun tsaya sun yi tunani ba. A ce lokacin sanyi, in ya tsananta a ce jaura ko muku-muku.

Abin da ya fi damuna ma shi ne yadda yaran yanzu suka haɗe ɗari da sanyi suka mai da su abu ɗaya. Tsofaffi sun bambanta su. Ɗari busasshe ne, iska ke kawo shi. Sanyi ya fi faɗi, ya haɗa har da na laima da danshi, shi ya sa ake cewa ɗaki ya yi sanyi bayan ruwa, ba a cewa ya yi ɗari. Wannan bambanci shi ne rai da mutuwa a wurin masu waccan tafiya. Ɗarin digiri 25 ƙasa da sifili mutum na iya yini a cikinsa yana tafiya muddin jikinsa a bushe yake. Da zarar gumi ya jiƙa rigar ciki, ya tsaya hutawa, ɗarin ya koma sanyi, laima ta riƙa zuƙe ɗumin jiki. Saboda haka ba sa sa rigar auduga ko kaɗan, domin tana shan gumi ta riƙe. Suna sa ta ulu a jikin fata, wata mai kauri a kai, sannan ta waje mai tare iska. Sukan fara tafiya da ɗan jin sanyi a jiki da gangan, in ɗumi ya taso a zuge zif tun kafin gumi ya keto. Babbar rigar gashin tsuntsu kuwa tana saman kaya, sai an tsaya ake zura ta, a cire kafin a tashi. Iska ma da nata lissafin: idan ma'auni ya nuna 20 ƙasa da sifili, iska na gudun kilomita 30 a awa, jiki zai ji kamar 33 ne ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe kuma na iya daskarewa cikin rabin awa.

Tambaya: Mene ne bambancin ƙanƙara da dusar ƙanƙara? (Malama daga Maraɗi)

Amsa: Ƙanƙara ita ce mai tauri, ta sama da ta firiji. Dusar ƙanƙara ita ce mai zubowa gari-gari, kuma wanda ya fara kiranta haka ya san Hausa, ya san dusa. A bar ta yadda take.

Tambaya: Malam, ƙungiyar da ke irin wannan tafiya za a iya ce mata ayari? Ai babu raƙumi ko jaki. (Mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Ƙwarai kuwa, kuma na ji daɗin da tambayar ta fito daga Kumasi, inda jikokin fataken goro suke. Ba dabba ke mai da tafiya ayari ba, tsari ne. Ayarin da ke zuwa Gwanja yana da madugu mai yanke hukuncin tashi da sauka, da jagaba mai sanin hanya a gaba, da uban dawaki, da malamin ayari. Yau an mai da jagaba kirarin siyasa, har wasu na zaton daga wani harshe aka aro shi, alhali ja da gaba ne kawai.

Ayarin ƙanƙara ma haka yake tafiya. Ana jerawa ɗaya bayan ɗaya a kan dogayen katakan sulu, kowa da igiya a ƙugu yana jan ɗan kwale-kwalen kayansa mai nauyin kilo 40 ko fiye. Na gaba ne ke fasa dusar ƙanƙara, shi ya fi wahala, don haka ake karɓa-karɓa. Ana sa gogagge a ƙarshe don kada wani ya yanke ba a sani ba, domin in iska ta tayar da dusar, mutum ba ya ganin wanda ke gabansa da taku goma. A yi tafiyar kamar minti 50, a huta 10, a ci a sha da sauri, a tashi kafin jiki ya huce. Saurin ayari saurin mafi rauni ne, kilomita 15 zuwa 20 a yini ya wadatar. Nan ne ake gane cewa "tafiya sannu-sannu kwana nesa" lissafi ne. Mai sauri zai yi gumi, mai gumi kun ji makomarsa a sama. Kusan kashi 60 cikin 100 na Svalbard daskararrun kogunan ƙanƙara ne, masu tsage-tsage masu zurfi da dusa ke rufe bakinsu. In an hau irinsu sai a ɗaure juna da igiya ɗaya da tazara a tsakani, yadda in ɗaya ya rufta sauran za su tare nauyinsa.

Batun jagaba kuwa, tarihi ya raba gardama. A 1845 John Franklin ya tashi daga Ingila da jiragen ruwa biyu don ratsa arewacin Kanada, cikin mutum 129 da suka shiga yankin babu wanda ya dawo. Roald Amundsen ya bi wannan yanki daga 1903, ya yi lokacin sanyi biyu tare da mutanen Inuwit, 'yan asalin yankin, ya koyi sa sakakkiyar rigar fata mai barin gumi ya fita, ya koyi tuƙa karnuka, ya wuce lafiya. Fridtjof Nansen ma da zai ƙetare Girinlan a 1888, cikin mutum shida biyu 'yan ƙabilar Sami ne ta arewacin Nowe, waɗanda suka tashi a kan katakan sulu tun suna yara. Matambayi ba ya ɓata, in dai ya san wanda zai tambaya.

Tambaya: Zango fa? (Shi dai na Kumasi)

Amsa: Zango ne. Ma'anarsa ta asali ke nan, wurin sauke kaya a kwana, kafin ya zama sunan unguwa a ƙasarku.

Tambaya: Malam, "ba a fafe goro ranar tafiya" me yake nufi? (Wata 'yar makaranta daga Gusau)

Amsa: 'Yata, gora ne, ba goro ba. Goro ana ɓare shi ne a ci, wa ya taɓa fafe shi? Wannan kuskure na ganinsa a rubuce-rubucen waya har ya ishe ni, kuma dalilinsa a fili yake: an daina ganin goran duma, sai na roba. Fafewa ita ce a huda bakin busasshen duma, a ƙwaƙule 'ya'yan da totuwar ciki. Bayan nan sai an jiƙa shi ana zubarwa kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita. Wanda ya fafe ranar tafiya, ruwa mai ɗaci zai sha a hanya.

A tafiyar ƙanƙara maganar ta faɗo a kan ruwan sha kai tsaye. Ruwa ya kewaye ka amma duk a daskare, sai ka narkar. Kowane mutum na bukatar lita uku zuwa huɗu a rana, kuma sabuwar dusa cike da tukunya ba ta ba da fiye da ɗan ruwa a gindi, don haka narkarwa kan ci awa biyu ko fiye kowace yamma. Ana ware wa mutum ɗaya kusan rubu'in lita na man risho a rana. Tukunyar gas irin ta butan ba ta da amfani, domin gas ɗin na daina tashi da zarar sanyi ya kai wajen sifili, sai risho mai famfo. Robar famfon kan ƙanƙance a sanyi ta fara yoyo, shi ya sa ake gwada shi tun a gida a riƙe wata robar. Man da ya kwana a irin wannan sanyi in ya zuba a hannu yana daskarar da fata nan take. Kada a zuba dusa a busasshiyar tukunya, sai an fara sa ɗan ruwa, in ba haka ba gindin zai ƙone, ruwan ya yi ƙauri. Goran ruwa ana kifa shi ne baki ƙasa, domin daga sama ruwa ke fara daskarewa, da dare kuma a kwana da shi cikin jakar barci tare da batura. Girki a rufaffen tanti yana tara iskar guba marar wari mai kashe mutum cikin barci, dole a bar kafa a buɗe komai sanyi. Takalmi ma gora ne: a sa shi a yi ta yawo tun makonni kafin tashi, ya kasance da sarari, don matsattse yana hana jini zuwa yatsu. Kafa tanti kuwa a koye shi da safar hannu mai kauri, ranar da iska ke kaɗawa ba ranar karanta takardar bayani ba ce.

Tambaya: Na ga an rubuta "cizon sanyi". Hausa ce? (Ma'aikaciyar jinya daga Damagaram)

Amsa: Fassara ce kalma da kalma, Hajiya. Sanyi a Hausa yana kama mutum, yana ratsa shi, yana shiga ƙashi, ba ya cizo. Ki ce daskarewar gaɓa. Alamarta fata ta yi fari da tauri kamar kyandir, a daina jin wurin, yawanci a hanci da kumatu da kunne da yatsu. Mai ita ba ya sani, shi ya sa 'yan ayari ke duba fuskokin juna a kowane hutu. In a sama-sama ne, a ɗora hannu mai ɗumi ko a cusa yatsun a hammata. Abin da Bahaushe zai fara yi, wato murzawa da kai hannu bakin wuta, shi ne mafi muni, domin murza na yayyaga naman da ya daskare, wuta kuma na ƙona wurin ba a ji ba. Ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39 ake sa gaɓar a ciki, kuma ba a narkar da ita in akwai tsoron ta sake daskarewa kafin a kai asibiti.

Tambaya: Shin "komai nisan dare gari zai waye" ya tabbata a can? (Mai karatu daga Garwa)

Amsa: Ya tabbata, sai dai da jira. A Longyearbyen rana ba ta fitowa daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu, shi ya sa yawancin ayari ke tashi a Maris da Afrilu, lokacin da haske ya dawo ƙanƙara kuma ba ta saki ba. Masu gyara karin maganar su ce "tsawon dare" su bari. Nisa na aiki a kan lokaci tun fil azal, ai muna cewa dare ya yi nisa. Lokutan salla a irin wannan wuri kuwa fagen malaman fiƙihu ne, sun yi magana a kan bin gari mafi kusa mai dare da rana ko bin lokacin Makka.

Tambaya: Farar dabbar nan mai cin mutane, kura ce? (Yaro daga Katsina)

Amsa: Ba kura ba ce, ɗana, farin beyar ne, sunan aro ne don ba mu da shi a dajinmu. Dokar Svalbard ta wajabta wa duk mai fita bayan gari ya riƙe abin korarsa, kamar bindigar tartsatsi, ayari kuma kan riƙe bindiga ta gaske. Tun 1973 aka hana farautarsa, ba a harbi sai rai na cikin haɗari. A zango ana ajiye abinci nesa da tanti, a kewaye wurin da zare mai tayar da ƙara in an taɓa, a raba gadi awa ɗaya ko biyu kowane mutum har lokacin tashi.