Wai Lambar Mota Ta Kusa Ƙarewa? Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam, na sayi mota 'yar Kwatano, ina so a yi mata lamba mai farawa da KMC. Dillalin da ke yi mini zirga-zirgar takardu ya ce lambobin KMC sun kusa ƙarewa, sai na ƙara masa kuɗi ya samo mini cikin 'yan ragowar. In biya? Daga wani mai karatu a Sabon Titi, Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna, mu yi lissafi. Idan kana da riga uku da hula huɗu, shiga nawa za ka iya yi? Kowace riga tana tafiya da kowace hula, wato 12. Haka ake ƙirga lambar mota: a duba abin da kowane gurbi zai iya ɗauka, sai a ninka.

Tsarin da aka sabunta a 2011 yana farawa da haruffa uku na ƙaramar hukuma, kamar KMC na Birnin Kano, FGE na Fagge, DAL na Dala. Sai alƙaluma uku, sai haruffa biyu. Daga 001 zuwa 999 lambobi 999 ne. Haruffan boko na Turanci 26 ne, gurbi biyu kuwa 26 sau 26, wato 676. Ninka 999 da 676, ka samu 675,324. A ƙarƙashin KMC kaɗai ke nan.

Gaskiya ba duka ne rabon motar gida ba. Tsaya a bakin titi ka lura, za ka ga motocin haya masu jan rubutu galibi harafinsu na farko a ƙarshen lambar X ne, babura da yawa kuma Q. To ko da rabi aka ware, saura fiye da 300,000. Kano kuma ƙananan hukumomi 44 gare ta, jimillar lambobinsu ta haura miliyan 29. Ƙasar gaba ɗaya mai 774 ta wuce miliyan 522, ya fi ninkin yawan 'yan Najeriya.

Ko a ce wani gari ya cinye rabonsa, ba a rasa mafita. Abuja ƙananan hukumomi shida ne da ita, amma ga ABJ, ga ABC, ga RBC, ga RSH, ga BWR, ga KUJ, ga GWA, ga KWL duk suna yawo a titi. Abin da kan faru shi ne farantan lamba da aka bugo na wata ƙaramar hukuma su ƙare a ofis kafin a kawo wasu, sai a ba ka wadda ke ƙasa. Wannan jira yake buƙata ko haƙuri da FGE, ba ƙarin kuɗi ba. Je da ƙafarka ofishin rajistar motoci na hukumar tattara haraji ta jiha, ka tambayi farashin gwamnati, ka karɓi rasit. Kuma ban taɓa ganin inda KMC ta sa mota rage shan mai ba.

Tambaya: Maigidana yana son 313 a lambar motarsa saboda adadin mutanen Badar. An ce masa lamba ce mai wuyar samu. Shin ta cancanci tsada, ko gara mu yi ta musamman da sunansa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya bar ku tare. Lambar 313 ba ta fi 482 ko 906 wuya ba. Kowacce sau ɗaya take fitowa a cikin 999, kuma tana dawowa duk lokacin da haruffan ƙarshe suka canza. A ƙarƙashin ZAR kawai tana iya maimaituwa har sau 676. Wuyarta ita ce dacewa da ranar da layi ya kawo kanta. Haka masu son 111 ko 777: irinsu tara ne cikin 999, wato ɗaya cikin 111.

Lambar suna kuwa hanyarta daban, ana nemanta ta hukuma, kuɗinta ya fi na gama-gari nesa ba kusa ba. Ni dai ba na sha'awarta, kuma ba don kuɗin kawai ba. Mutane kan manta "ZAR 482 da wani abu" kafin su kai gida, amma suna ba ya ɓacewa. Duk inda motar ta tsaya an san maigida yana nan, idan ta bar ƙofar gida an san ba ya nan. A wannan zamani na hanyar da sai da addu'a, ba abin wasa ba ne. Idan yana da sauran kuɗi, ya sa tayoyi huɗu sababbi. In ya nace kan 313, ya tambaya a ofis ko akwai hanyar neman ta a bisa ƙa'ida, kada ya miƙa wa ɗan tsakiya.

Tambaya: Zan sayi mota ta hannu mai lambar Legas. Lambar da ke jiki ta yi daidai da ta takarda. Hankalina ya kwanta ke nan? Daga wani ɗan kasuwa a Gusau.

Amsa: Alhaji, da saura. Faranti ƙarfe ne da kusoshi biyu, mai niyyar cuta yana iya buga irinsa ya haɗa da takardar da ta dace. Fara da shafin NVIS na hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ka saka lambar. Idan aka nuna maka wata irin mota daban da wadda ke gabanka, ciniki ya mutu.

Abin dogaro na gaske shi ne lambar chassis, wadda ake kira VIN. Tun 1981 motocin Amurka suke ɗauke da ita mai gurbi 17, haruffa da alƙaluma a gauraye, kuma ba a saka I da O da Q don kada su rikice da 1 da 0. In ka ga ɗayansu a takarda, akwai magana. Duba ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofa, ka gwada harafi da harafi da abin da ke takardar kwastan da ta mallaka. Tafi da makanikenka, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, ya duba ko an goge wurin an sake bugawa. Bayan an biya, a rubuta yarjejeniyar ciniki gaban shaidu, ka yi canjin mallaka a wannan makon kafin motar ta fara shiga hanyar Funtuwa da sunan wani.