Injin motata ya buga wata biyu da saye, dila ya ce babu ruwansa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina saro atamfa da shadda a Kantin Kwari ina cin kasuwanni uku a mako: Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil, Lahadi Dambatta. Wata biyu da suka wuce na sayi mota Sharon 'yar Kwatano a hannun wani dila a nan Kano. Da bakinsa ya ce ya ba ni garantin wata uku a kan inji da giya, a gaban ƙanena da dillalin da ya haɗa mu, amma bai rubuta a rasit ba. Makon jiya muna dawowa daga Maigatari, mun wuce Gumel kaɗan, sai inji ya kama ƙara, kafin direba ya gangara gefen titi mota ta mutu. Janwe ne ya kawo ta gida. Bakanike ya saurara ya ce inji ya buga, sai dai a sa wani, kuma Beljiyam ɗinsa, wato wanda aka yi amfani da shi a ƙasar waje, naira 1,200,000. Dila ya ce mu muka bari ta yi zafi. Yanzu shata nake ɗauka, kowace kasuwa ina kashe kamar 40,000 fiye da lokacin da nake da motata. Shin dole ne ya sauya mini inji, ko in zari kuɗi daga jari in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri, kuma a gode masa da abin ya tsaya a kan ƙarfe.

Kafin komai, ka kira bakaniken nan yau ka ce kada ya taɓa ko kusa ɗaya a jikin injin. Kada ya tsiyaye baƙin man, kada ya cire filta, kada ya buɗe kan inji wai don ya leƙa. Na san halin gareji: kana juya baya an kwance inji an zube kayansa a tire, yara suna wankewa da fetur. Ranar da aka yi haka, ranar maganarka da dila ta mutu, don zai ce wa ya san abin da aka cire da abin da aka sa, kuma ba ka da amsa. Injin nan yadda yake a rufe shi ne babban shaidarka, ya fi ƙanenka ya fi dillali.

Dalili shi ne garanti ba ya duba ranar da inji ya buga kawai, yana duba abin da ya sa ya buga. Ko sabuwar mota ka ciro daga kamfani, wadda galibi ake ba wa shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, abin da suka ɗauka shi ne aibin da ya taho da motar. Ba su ɗauki sakacin direba ba, ba su ɗauki jabun baƙin mai ba, ba su ɗauki gurɓataccen fetur ba. Ka tuna Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, motoci suka yi ta tsayawa a hanya. Irin wannan ɓarna ba laifin mai ƙera mota ba ce, kuma garantinsa ba ya ɗaukarta. To idan kamfani ma haka yake, dilanka ba zai yi abin da ya fi ba. Da ya ce ku kuka bari ta yi zafi, ya san ƙofar da yake nema ya fita ta nan.

Amma inji ba ya ƙarya idan an buɗe shi a gaban masu ido. Injin da zafi ya kashe yana da alamarsa: gasket ya ƙone, kan silinda ya lanƙwashe, baƙin mai ya gauraya da ruwa ya koma kamar shayi da madara, lagireto a bushe. Idan haka aka tarar, to akwai tambayoyin da za a yi wa direbanka, ko da yake ko nan sai a duba ko famfon ruwa ne ya mutu ko lagireton dama a toshe yake. Injin da tsohuwar cuta ta kashe kuwa daban ne. Za a ga baƙin mai ya daskare a ciki kamar kwalta, ragar da ke tsotso mai ta toshe, mital, wato ƙarfen da karanshaf (sandar da ke juyawa a cikin inji) ke kwanciya a kai, ya cinye, karanshaf ɗin ya yi zane, a cikin filta a sami garin ƙarfe yana ƙyalli. Irin wannan dauɗa ba a tara ta a wata biyu. Shekaru ne na rashin sabis a hannun wani da ba ka taɓa gani ba. Wani lokaci ma a tarar an zuba mai mai kauri fiye da ƙima don ya danne ƙarar mital ranar gwaji, ko an kashe jar fitilar baƙin mai a dashbod don kada ta tona asiri. Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, magana ta ƙare.

Don haka ka koma wa dila, ba da faɗa ba. Ka ce masa: ka kawo bakanikenka, in kawo nawa, mu ɗauko na uku wanda duk mun yarda da shi, a buɗe a gabanmu, a ɗauki bidiyo tun daga kusar farko. Abin da aka gani shi za a bi. Mai gaskiya ba ya gudun wannan. Idan ya yi ta hanya-hanya, kai ma ka samu amsa, kuma mutanen da za su shiga tsakani daga baya za su lura da wanda ya ƙi zuwa.

Kafin wannan zama akwai abu biyu da za ka yi. Ka zauna da direbanka ku biyu, ka tambaye shi tsakani da Allah: allurar zafi ta hau ko ba ta hau ba, jar fitila ta kama tun daga ina, yaushe rabonsa da duba mai da ruwa. Direbobi da yawa idan fitila ta kama sai su ce bari mu lallaɓa mu kai gari, kuma wannan lallaɓawar ita ce take mayar da gyaran dubu hamsin ya koma sayen inji. Gara ka ji daga bakinsa da ka ji a gaban dila. Sannan ka tuna ko an yi wa motar wani sauyi bayan ka saya. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 mutane da yawa sun mayar da motocinsu masu aiki da gas. Wasu kuma bakanike ya cire musu tamostat, na'urar da ke daidaita zafin inji, ya haɗa fanka kai tsaye. Ko sauyin ba shi ya kashe injin ba, mai garanti zai kama shi ya riƙe.

Yanzu ga maganar da ta fi damunka, garantin baka. Alkawari ne, kuma yana hawa kan wanda ya yi shi, sai dai tabbatar da shi ne wahala. Ƙanenka za a ce ɗan'uwanka ne. Dillali kuwa, kada ka manta a wajen wa yake karɓar la'ada gobe da jibi. Dabarar da nake ba mutane ita ce ka tura wa dila saƙo a WhatsApp cikin ladabi: Alhaji, maganar garantin wata uku da ka ba ni a kan inji, ga abin da ya faru ranar kaza. Yawanci ba zai ce ban bayar ba, zai ce ai ku kuka bari ta yi zafi. To da wannan amsar ya amsa cewa akwai garanti, saura gardamar dalili. Ka adana saƙon. Ya kuma zama shaidar cewa ka kai kuka tun wata ukun bai cika ba, don wani dilan jan ka zai yi ta yi da "gobe ka dawo" har wa'adi ya wuce.

Ba alkawarinsa kaɗai ne a hannunka ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce duk kayan da aka sayar akwai lamunin inganci a kansu ko ba a rubuta ba, kuma cikin wata uku da karɓa mai saye yana iya mayar da kayan da suka gaza, a gyara, a sauya, ko a ba shi kuɗinsa. Tsohuwar mota dai ba za a auna ta da ma'aunin sabuwa ba, amma dokar tana ƙara maka nauyi a wajen zama. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye. A ɓangaren shari'a kuma, malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware wannan: wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da ba a nuna masa ba yana da zaɓin mayarwa, idan kuma wani sabon aibi ya auku a hannunsa, yana iya riƙe kayan a rage masa ƙimar tsohon aibin daga kuɗin. Dila musulmi ya san hadisin wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, ba sai ka karanta masa ba.

Inshora kuwa ka cire rai. Ta dole da ake nuna wa jami'ai a hanya ɓarnar da ka yi wa wani take biya. Ko babbar ce mai haɗa haɗari da gobara da sata, bugawar inji don kansa ba ya cikinta.

Sai lissafi, wanda shi ne ainihin aikina. Kasuwa uku a mako, kowace 40,000, naira 120,000 ke nan duk mako. A mako goma shata ta cinye kuɗin inji cif, kuma motar tana nan a gareji tana shan ƙura, batir na mutuwa, ana zare mata ɗan wannan da ɗan wancan. Na ga 'yan kasuwa da suka yi wata huɗu suna jayayya don a ba su haƙƙinsu cikakke, suka ci nasara, amma da aka buga lissafi sun yi asarar da ta fi injin. Saboda haka ka ba maganar nan mako biyu, kada ta wuce. Idan zaman bakanike uku ya nuna tsohuwar cuta ce, ka nemi inji cikakke, kuɗin aiki da na janwe ka yafe idan sun zama sanadin ja. Idan abin ya zo da ruwa biyu, akwai tsohuwar dauɗa akwai kuma sakacin direba, rabi da rabi ciniki ne mai kyau, ka karɓa. Idan ya ƙi zama sam, ka kai shi ga shugabannin ƙungiyar dilolin inda yake. Dila yana tsoron zubewar sunansa a cikin abokan sana'a fiye da sammaci. Hukuma da kotu suna nan a baya, kuma kai ƙara ba ya hana ka gyara motarka, matuƙar an buɗe injin a gaban shaidu, an ɗauki bidiyo, ka kuma ajiye tsohon injin kada ka sayar wa 'yan gwangwan.

Game da zarar kuɗi daga jari, ban so ka kwashe 1,200,000 a tashi ɗaya daga kuɗin kaya. Mota mai lafiya da babu atamfa a cikinta ba ta da amfani. Ka duba ko wanda kake saro kaya a wajensa a Kwari zai ɗaga maka ƙafa na mako uku ko huɗu, ko a adashi a ba ka ɗauka yanzu ka musanya da wani. Ka kuma tambayi bakanike na ukun nan ko injin zai gyaru. Idan bulok bai fashe ba, wani lokaci wanke karanshaf da sa sabon mital da ringi ya fi sauƙi, sai dai ingancinsa yana hannun mai aikin, kuma ga mai bin dogon titi da lodi sau uku a mako ni na fi karkata ga Beljiyam mai kyau.

Idan za ka saya, a Ƙofar Ruwa ne ko daga kasuwar Ladipo ta Legas za a turo, kada ka maimaita kuskuren farko. Masu sayar da inji suna ba da 'yan kwanaki na gwaji. Ka sa a rubuta kwana nawa ne, kuma lissafin ya fara daga ranar da aka ɗora aka tayar, ba ranar da ka biya ba. A rubuta wa zai biya kuɗin saukewa da ɗorawa idan injin ya zo da hayaƙi ko ƙara. Su kan yi alama da fenti a kan kusoshi, idan bakanikenka ya kwance ba za su karɓa ba, don haka ka gargaɗe shi. A rubuta lambar inji a rasit, ka je a gyara takardun motar su dace da ita, kada wata rana a tsayar da kai a hanyar Maigatari kana bayani da lodi a baya. Idan dila ne zai kawo injin, bakanikenka ya bi shi wajen zaɓe, don wanda aka tilasta wa biya mafi araha zai ɗauko.

Ranar da motar ta dawo titi, ka buɗe mata littafi: kwanan wata, lambar kilomita, irin man da aka zuba, da rasit a maƙale. Kuma kowace kasuwa ka ware mata naira 10,000 a asusun da ba na jari ba. Sau uku a mako, a mako arba'in ka tara 1,200,000.