Amsa ga mai tambaya kan maganin firgici na motsa ido

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki kan ƙanenki da masu garkuwa suka riƙe a hanyar Birnin Gwari, ya dawo gida amma barci ya gagare shi, ko ƙarar babur ya ji sai ya zabura. Kin ce likita ya ba da shawarar maganin nan na motsa ido, kina son sanin me za a yi masa. Allah Ya ba shi lafiya. Ni an yi mini shi bayan haɗarin motar da ya rutsa da mu a hanyar Zariya.

Sunansa a asibiti EMDR. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Francine Shapiro, ta fara shi a 1987, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin hanyoyin da ta amince da su na magance irin wannan firgicin. Na kawo wannan ne don a gidanmu akwai wanda ya ce tsubbu ne, wata ta ce sai an sumar da mutum. Ba a sumar da kowa. Idonsa biyu, hankalinsa na jikinsa, in ya ce a tsaya, a nan za a tsaya.

Ranar farko ba za a motsa ido ba, wataƙila har ta biyu. Hira ce: barcinsa, magungunan da yake sha, abin da ke tayar masa da hankali. Sai a koya masa yadda zai kwantar da kansa, da numfashi da kuma tuno wani wuri da ransa ke sanyi a cikinsa. Ni tsakar gidan kakata na zaɓa, gindin darbejiya, da ƙanshin ƙasa bayan an yi yayyafi. Don Allah kada ku ga kamar ana cin kuɗinku a banza. Wannan ne abin da zai riƙe in abin ya taso masa da tsakar dare.

In an shiga aikin, za a ce ya ɗauko hoto ɗaya, wanda ya fi ci masa rai. Ba sai ya ba da labarin dalla-dalla ba, kuma wannan ya fi komai muhimmanci ga namijin da ya ga wulaƙancin da bakinsa ba zai iya furtawa ba. Za a tambaye shi me yake faɗa wa kansa in ya tuna, irin su "ni na jawo" ko "ba ni da tsira", a ina yake jin abin a jikinsa, kuma nawa ne zafin daga 0 zuwa 10. Ni a ƙirji nake ji, na ce 9. Sai mai duba ni ta ɗaga yatsu biyu tana kai su dama da hagu, ina bi da ido, kamar rabin minti. Ta sauke hannu, ta ce in ja numfashi, me ya zo? Na ce takalmin wani yaro a kan kwalta. Ta ce in bi shi. Haka ake ta yi, awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi. In ido ya gaji, akwai bubbuga gwiwa ko sauti a kunne, dama da hagu. Bayanin da masana da yawa ke bayarwa shi ne, ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe hoton da ƙarfi tana kuma bin yatsa, sai hoton ya riƙa dusashewa.

Ku shirya wa ranakun da ke bin bayan zama, nan ne aikinku yake. Gajiya kamar wanda ya wuni yana dako, mafarkai, kuka ba dalili, wani lokaci a tuno abin da aka manta. Ranar zama kada ya hau babur da kansa, a raka shi. Kada ku tsare shi da "me aka ce maka?" Ku ba shi abinci, ku bar shi ya kwanta. Abin da ya taso ya rubuta ya kai wa mai duba shi. Amma in ya fara zancen gara ya mutu, ba a jiran ranar zama, a kai shi asibiti a ranar.

Kuma ba mantuwa yake sawa ba. Har yau ina tuna komai, sai dai yanzu ina wuce wurin a mota gabana bai faɗi ba. Yawanci zama 6 zuwa 12 ake yi, amma wanda ya daɗe a hannun mutanen nan ya ga abubuwa da yawa, nasa kan fi haka.

Ku tambayi mai yin aikin kai tsaye ko ya samu horo a kan wannan hanyar, don ba kowane likita ba ne. In ba ku san inda za ku fara ba, ku je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna ku nemi ganin masanin halayyar ɗan Adam, ku bar masu cewa wurin mahaukata ne. Kada wani ya kalli bidiyo a YouTube ya ce zai yi masa a gida, kada kuma ya daina ƙwayoyin da aka rubuta masa sai likita ya ce. Addu'a da azkar ya ci gaba da su, babu abin da ya hana a haɗa.