Batirin oba-obana ba ya kai awa huɗu, mai gyara kuma ya ce zai tada wanda ya mutu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Bara na samu lasisin rediyo, na sayi oba-oba ƙirar Baofeng UV-5R da batir biyu, kowanne an rubuta masa 1800mAh. Duk ranar da muka fita da abokai muna magana a kan zangon mita 2, wato wajen megahaz 145, batir ba ya kai ni awa huɗu, alhali mai shago ya ce zai yi min wuni. Na biyun kuma na manta da shi a durowa wata bakwai, yanzu caja ta ƙi karɓarsa, bayansa ma ya ɗan tasa. Wani mai gyaran waya ya ce in kawo ya cire ɗan bod ɗin da ke ciki, ya buga masa wuta daga batirin sola, zai tashi. Hankalina bai kwanta ba, domin a ɗakin da nake caji yarana ke kwana. Rediyon ne ya lalace? In bar shi ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ba shi. Kafin ma ka gama karanta wannan, tashi ka fitar da batirin da ya kumbura daga ɗakin yaran.

Rediyonka kuwa lafiyarsa lau, lissafi ne ya kama ka. A takardar kamfani, UV-5R yana jan wajen amfiya 1.4, wato miliamfiya 1400, idan ka danna maɓallin magana a babban ƙarfi, miliamfiya 380 idan murya na fita daga sifika, sannan kimanin 75 idan yana zaman jira. Awannin da masu sayarwa ke faɗa an gina su ne a kan rabon da ake kira 5-5-90: kashi 5 cikin ɗari kana magana, kashi 5 kana saurare, kashi 90 shiru. A haka matsakaicin abin da yake ja bai wuce miliamfiya 160 ba, batir mai 1800 zai kai ka awa 11 da ɗoriya. Amma wa ke fita da abokai ya yi shiru kashi 90? In rubu'in lokacin kana magana, rubu'i kana saurare, jan ya haura 480, batir ya faɗi kafin awa huɗu. Daidai abin da ka gani.

Maganin yana cikin menu. Ka shiga TXP, wato ƙarfin watsa magana, ka sauko daga wat 4 zuwa wat 1. Tsakanin wat 1 da wat 4 desibel 6 ne kawai, zane ɗaya a ma'aunin sigina, kuma a babban ƙarfi rediyon yana zuƙar kusan wat 10 daga batir, fiye da rabi ya tafi a zafin da kake ji a tafin hannunka. A megahaz 145 hawa tudu ko saman bene, ko sauya wannan gajeriyar eriyar roba da doguwa, ya fi ƙarin wat amfani nesa ba kusa ba. Ka kunna SAVE mai tsimin batir, ka kashe TDR idan ba tasha biyu kake gadi ba, ka rage ABR don fitilar fuska ta riƙa mutuwa da wuri, kada kuma ka bar SQL, mai toshe hayaniya, a sifili yana ta shuuu. Shi ke nan a wannan ɓangaren.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato wannan magana ta tada batir. Kusan kullum sai na ji ta, kuma na gaji da ita. Daga batirin mota mutane suka ɗauko ta: mota ta ƙi tashi, a jona mata na wata motar, ta tashi. To wancan na dalma ne da ruwan asid, yana da haƙuri. Na rediyonka litiyam ne, ƙwaya biyu a jere, kowace tana cika a bolt 4.2, jimla 8.4, kuma ba ta yafe ko ɗan ƙari. Batirin solar da muke kira "mai 12" yakan nuna 12.6 idan ya cika, ya kai 14 da wani abu idan rana na dukan faranti. Raba wannan gida biyu ka ga abin da kowace ƙwaya za ta sha: bolt 6 zuwa 7, ba tare da wani abin da zai taƙaita yawan wutar ba. Cajar da ta zo da rediyon miliamfiya 400 kacal take ba shi, ta tsaya a 8.4. Batirin sola kuwa ba ya tsayawa, zai tura iya abin da waya za ta ɗauka.

Ɗan bod ɗin da mai gyara ke son cirewa shi ne mai gadin gidan. Shi ke yanke wuta idan caji ya wuce kima, idan batir ya sauka ƙasa da kima, ko idan wayoyi suka haɗu. Da caja ta ƙi karɓar batirinka, ba taurin kai ba ne, gargaɗi ne. Ƙwayar da ta zauna watanni ƙasa da bolt 2, jan ƙarfen da ke cikinta yakan narke, in aka sake tura wuta ya taru ya zama siraran ƙayoyi masu huda takardar da ta raba ɓangarori biyu. Kumburin da ka gani kuma iskar gas ce, alamar ruwan cikin ya fara lalacewa. Babu wutar da ke mayar da wannan baya.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne, sau da yawa batirin yana "tashi" ɗin. Mai gyara ya dangwala masa wayoyi biyu, mita ta nuna 7, ka biya, ka tafi kana godiya. Shi ya gama da kai. Ba a shagonsa zai kama da wuta ba, sai bayan kwana uku ko mako biyu, da tsakar dare, a kan caja, kusa da katifa. An taɓa kawo min irin wannan rediyon bayansa ya narke ya manne da tabarma, mai shi yana rantsuwa cewa gyaran ya yi kyau tunda ya yi kwanaki yana aiki. Wutar litiyam tana ciyar da kanta, ƙwaya ɗaya ta kunna ta kusa da ita, hayaƙin kuma guba ne ga huhun yaro. A 2016 kamfanin Samsung, da duk injiniyoyinsa da ɗakunan gwajinsa, sai da ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda ƙaramin kuskure a cikin batir. Mutumin da ke da sukundireba da wayoyi biyu a kan benci, me ya sani da su ba su sani ba? Ba na raina sana'ar kowa, akwai masu gyara na ƙwarai da za su ce maka a jefar. Amma wanda ya karɓi kuɗin mutum ya cire masa kariya, ya san iyali ne za su kwana da abin, ya ci amana, kuma Allah zai tambaye shi. Kai ma yaran nan amana ce a hannunka, kuɗin sabon batir bai kai a sa su a wannan haɗari ba.

Haka nan masu rubuta 8000mAh ko 9900mAh a jikin ƙwayar 18650, wato doguwar ƙwayar litiyam mai siffar gora. Mafi kyawun irinta a duniya ba ta ko kusanci waɗannan lambobi ba. Wanda ya yi maka ƙarya a lamba, kada ka yarda ya sa maka bod na gaskiya a ciki.

In kana son amfani da sola a daji, akwai hanya mai tsabta: ka sayi murfin nan mai kama da batir wanda ke da igiyar soket ɗin mota, yana sauke 12 zuwa abin da rediyon ke ɗauka, ko ka nemi batir mai ramin USB-C a jikinsa. Kada ka yi caji a rana ko a gaban mota a watan Afrilu, litiyam ba a cajinsa sama da digiri 45. Wanda za ka ajiye ya daɗe, bar shi da rabin caji, wajen bolt 7.6, ka cire shi daga jikin rediyon, ka auna shi da mita duk bayan wata biyu.

Shi kuma mai kumburin, ka liƙe bakinsa da salatif, ka sa shi a gwangwani mai yashi a tsakar gida, a inuwa, inda yara da awaki ba sa kaiwa. Kada ka huda shi, kada ya shiga sharar da ake ƙonawa. Ka miƙa shi ga masu karɓar tsofaffin batura, ka gaya musu a fili cewa litiyam ne kuma ya kumbura.