Tambaya da Amsa: Shekara Uku Yana Jiran Shari'a

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ya shekara uku a tsare bisa zargin fashi, kuma har yau ba a fara sauraron shari'arsa ba. Na ji an ce an sauya wa gidajen yari suna zuwa gidajen gyaran hali. Shin sauyin ya wuce na suna, kuma me zan iya yi? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah Ya kawo masa mafita. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Agustan 2019 ta wuce sauya suna, domin ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin yi wa al'umma hidima da sakin talala, ta kuma ba kwanturolan jiha, wato shugaban gidajen gyaran hali na jiha, ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan gida ya cika bayan ya sanar da babban jojin jiha. A shekarar 2023 kuma an gyara tsarin mulki yadda jihohi za su iya gina nasu gidajen.

Sai dai matsalar ƙanenki ba a hannun gandirobobi take ba, kuma wannan ne abin da ya fi damuna. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya masu jiran shari'a ne. Abin da ya saba faruwa shi ne 'yan sanda su gurfanar da mutum a kotun majistare, wadda ba ta da hurumin sauraron babban laifi irin fashi da makami, sai ta tura shi gidan yari kafin ma'aikatar shari'a ta ba da shawara kan fayil ɗinsa, daga nan fayil ya kwanta shekaru. Alhali dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta tarayya ta 2015 ta ƙayyade umarnin tsarewa na farko da kwana 14, kuma sabunta shi yana da iyaka.

Ki fara da neman lambar ƙarar da sunan kotun da ta tura shi, sannan ki je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, inda lauyoyi suke tsaya wa marasa hali kyauta. Lauya zai iya bin sawun fayil ɗin a ma'aikatar shari'a, ya nemi beli a babbar kotu, ya kuma rubuta wa babban jojin jiha don a sanya sunan ƙanenki cikin waɗanda za a duba idan jojin ya kai ziyarar rage cunkoso.