Amsa ga Yaya: me ya kai mai lissafi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa?

Assalamu alaikum Yaya, ya iyali, ya ƙoƙari? Tambayarka ta iso, kuma tun da ba kai kaɗai ke yi mini ita ba, na ga gara in amsa a inda kowa zai karanta. Ka ce ni da na karanta lissafi, ban taɓa riƙe allura ba, me nake yi a cikin likitocin masu taɓin hankali a Landan? Ka ƙara da cewa shekaru sun ja amma har yanzu ba ka ji an kira ni Farfesa ba.

Ba na duba marar lafiya, Yaya. Likita mutum ɗaya yake gani a gabansa, ni kuwa dubban mutane ake kawo mini a cikin kwamfuta, a ce in gano wa ciwo ya fi kamawa, a ina, kuma me ya riga shi zuwa. Sana'ar ta daɗe a garin nan. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho, sai John Snow ya bi gida gida yana ƙirga mamata, ya ga sun taru a kewayen famfo ɗaya na titin Broad, aka cire hannun famfon. A 1950 kuma Richard Doll da Austin Bradford Hill suka nuna alaƙar shan taba da sankarar huhu. Shi Hill ba likita ba ne, masanin ƙididdiga ne, kuma sahunsa muke bi.

Sai dai namu fannin yana da wata wahala da su ba su sha ba. Kwalara ana ganin ƙwayarta, sankara ana ɗaukar hotonta, amma ciwon damuwa babu gwajin jinin da zai nuna shi. Da tambaya ake auna shi. Akwai takarda mai suna PHQ-9, tambayoyi 9 a kan makonni biyun da suka wuce: barci, cin abinci, gajiya, rashin jin daɗin abin da mutum ya saba so, har da tunanin gara mutuwa. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, jimilla 27, kuma daga 10 zuwa sama ake fara sa ido. Ga masu jego akwai wata da aka ƙirƙiro a Edinbara a 1987, mai tambayoyi 10. Ka ga ke nan duk lissafin da zan yi ya rataya ne a kan abin da mutum ya yarda ya faɗa da bakinsa.

To a nan aikina ya haɗu da halin mutanenmu na nan. Idan mace ta haihu a Ingila, ma'aikaciyar lafiya takan zo har gida, ta duba jariri, ta kuma tambayi uwar yadda zuciyarta take. Matanmu kuwa amsa ɗaya suka sani: lafiya lau, alhamdulillahi. Wata kunya ce ke hana ta, wata tana ganin faɗin damuwa kamar raina ni'imar Allah ce, wata kuma tsoro take ji kada hukuma ta ɗauka ba za ta iya riƙon ɗanta ba. Alhali tana ɗaki ita kaɗai, miji na wurin aiki, uwa da 'yan'uwa suna nesa, ga hunturu da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe 4. Idan mun haɗu mu ya mu, sai ka ji maganar ta fito da wasu kalmomi: tunani ya yi mini yawa, ƙirjina ya yi nauyi, barci ya ƙaurace mini. Babu mai cewa tana da ciwon damuwa. A takarda an rubuta mata sifiri, ni kuma sifirin ne ke iso mini.

Rabin aikina a kan waɗanda ba su amsa ba ne. Dubi UK Biobank, babban rumbun bayanan lafiyar mutanen Birtaniya da masu bincike ke ji da shi: an gayyaci mutane kusan miliyan 9 tsakanin 2006 da 2010, rabin miliyan suka shiga, mafi yawansu fararen fata, kuma sun fi sauran jama'a lafiya da wadata. Akwai dabarun ƙididdiga na ƙara wa wasu rukunoni nauyi da cike gurbin amsoshin da suka ɓace, muna kuma amfani da su kullum a manhajar ƙididdiga ta R ko Stata, amma dabara ba ta ƙirƙiro mutumin da bai zo ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda baƙaƙen fata suke bayyana a alƙaluma. Wani bincike mai suna AESOP da aka yi a Landan da Notingham da Biristol ya gano cewa ana samun babban taɓin hankali a cikin 'yan asalin Afirka da Karebiyan ninki da dama fiye da Turawa. Alƙaluman hukumar lafiya ta NHS kuma sun nuna ana tsare baƙar fata a asibiti ƙarƙashin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983 fiye da ninki uku na farar fata. Ana muhawara a kan dalilai: talauci, wariya, raɗaɗin ƙaura, kuskuren likitoci wajen fahimtar mutum. A nawa ganin, jinkirin zuwa asibiti yana da kaso babba. Ba a ganinmu tun ciwo na ƙarami, sai ya kai inda za a kira 'yan sanda.

Maganar Farfesa kuma, tsani ne mai tsawo. Digiri na biyu shekara ɗaya, digirin digirgir uku zuwa huɗu, sannan a shiga aikin bincike na kwantiragi, shekara biyu ko uku, wanda ke ƙarewa ranar da kuɗin binciken suka ƙare. Kuɗin daga wurare irin su gidauniyar Wellcome da Majalisar Binciken Lafiya ta MRC suke fitowa, kuma masu nema sun fi masu samu yawa nesa ba kusa ba. Na yi kwantiragi uku a jere kafin in samu kujerar lakcara ta dindindin, akwai shekarar da na kwana ina tunanin takardun zamana saboda saura wata biyu aiki ya ƙare. Bayan lakcara sai babban lakcara, sai wani mataki, sannan Farfesa. Kuma mai ƙididdiga sau da yawa sunansa a tsakiyar jerin marubutan takardar bincike yake, alhali na farko da na ƙarshe ake dubawa wajen ƙarin girma, don haka dole sai ka jagoranci bincike naka na kanka. A wurin aiki ɗalibi da sunan yanka yake kiran Farfesa, sai a taronmu na Hausawa ne ake ce mini Dakta.

A irin wannan taron ne ma 'yan'uwa mata suka fara jana gefe, tun da sun ji inda nake aiki. Nakan gaya musu ni ba likita ba ce, amma na san ƙofar da za su ƙwanƙwasa, wani lokaci in zauna da mace mu bi tambayoyin nan da Hausa kafin ta je wurin likita.

Game da 'yarka da ka ce tana son bin wannan hanya, ta riƙe lissafinta da kyau, ta fara koyon R tun yanzu tun da kyauta ce, ta kuma nemi ayyukan Farfesa Oye Gureje na Ibadan da na marigayi Thomas Adeoye Lambo na asibitin Aro a Abekuta ta karanta. Ka ce ta rubuto mini da kanta, in ji abin da ya ja ra'ayinta. A gaida mutanen gida.